Tsohuwar da Ta Zo Duba Dada

Jama'a, ni ba mai yawan magana ba ce, ko a aji sai malami ya kira sunana nake buɗe baki, amma wannan abu wallahi da ni ya faru, ba labari aka ba ni ba. Lokacin ina aji biyu na ƙaramar sakandare, muna zaune a Manawashi cikin Gombe, kaka ta yi, an kawo buhunan waken da ba a casa ba daga gonar Baba ta Kwadon an jibge a tsakar gida.

Ranar Asabar ce da hantsi. Mahaifiyata, da muke kira Dada, ta kwance buhu ɗaya za ta shanya, ni kuwa ina gefe ina wankin kayan makaranta, sai na ji wani sauti daga cikin buhun, kamar an ɗiga ruwa a kasko mai zafi. Kafin in yi magana ta zura hannu. Ba ta yi ihu ba, salati kawai ta yi ta janye hannun, sai ga kububuwa ta zubo tare da waken, 'yar ƙarama mai ɗigon fari a baya. Kyanwarmu ta daka mata tsalle, ita ma ta sare ta a fuska, sannan Baba ya fito ya sauke mata taɓarya a ka.

Ya jefa gawar a bokitin fenti ya danne murfi, don likita ya ga irinta, ya miƙa kyanwar wa maƙwabcinmu ya kai ta wajen likitan dabbobi. Goggo Hauwa, yayar Baba, ta ɗaure damtsen Dada da robar tayar keke har yatsun suka yi baƙi, muka hau keke napep.

A asibiti abin da nas ta fara yi shi ne datse robar nan da almakashi.

"Goggo, wannan ɗaurin hannu yake kashewa, ba ya tsare dafi."

"Haka muka taso muka gani."

"To yau kin ga sabo."

Ta ɗebi jinin Dada a wata 'yar kwalba ta ajiye, ta ce idan minti ashirin ya cika bai daskare ba, dafi ya shiga jini. Da lokaci ya yi ta karkata kwalbar, jinin ya gangaro kamar zoɓo. Na dubi Dada, na ga ja a tsakanin haƙoranta, dasashinta na tsattsafo da jini ita ba ta ma sani ba. Allurar kashe dafin kuma ta ƙare musu, Baba ya hau acaɓa ya shiga gari nema.

A danginmu ba a kiran sunan abin, sai a ce igiyar ƙasa ta taɓa mutum, kuma ba a barin baƙo ya shiga wajensa, wai akwai mai laya ko mai ciki da idan inuwarsa ta faɗa kan majinyaci dafin ke tashi. Don haka da Goggo za ta tafi sallar azahar ta zaunar da ni a benci bakin ƙofar ɗakin, bokitin a cinyata.

"Na san ba ki da baki, to yau ki aro. In ba nas ba ce, ko matar gwamna kada ta wuce."

Ba ta jima da tafiya ba wata tsohuwa ta tsaya a gabana, gajeruwa, siririya, da zani ruwan ƙasa. Ba takalmi, amma ƙafarta babu ƙura ko kaɗan, abin da na fara lura da shi ke nan. Kallabinta kuma ya jiƙe a saman kunnen hagu.

"'Yata, mai hannun nan tana ciki?"

"An hana shiga, Iya."

Ba ta ji haushi ba, sai ta zauna kusa da ni ta naɗe hannuwa tana goga damatsanta da juna, kuma billahillazi sautin da na ji a buhu shi ne yake fita daga fatarta. Na saci kallon fuskarta ina jira ta ƙifta ido, har nawa idon ya kawo ruwa ba ta ƙifta ba.

"Kyanwarku ta cika," ta ce. "Ƙaramin jiki gare ta."

Babu wanda muka gaya wa zancen kyanwa a asibitin nan. Ta ɗora tafinta a kan murfin bokitin, ta ɗan jima, sannan ta miƙe ta bi baranda ta sha kwana.

Sai ga Baba ya iso yana zufa da kwalayen allurar, yana gaya wa Goggo, wadda ta dawo daga salla, cewa yanzun nan maƙwabci ya buga masa waya, kyanwar ta mutu a kan teburin likita. Aka saka maganin a ƙarin ruwa, nas ta tsaya a kan Dada tana duba ko jikinta zai yi ƙaiƙayi. Daga baya ta ce bari ta ga abin da muka kawo. Baba ya ɓalle murfin da ƙyar. Ɓawon wake ne a ciki da ɗan shafin jini, shi ke nan. Kowa ya juyo yana kallona, ni kuwa bokitin nan bai bar cinyata ba. Nas ta ɗaga kafaɗa ta ce ba komai, jinin ya riga ya faɗa musu irinta.

Washegari aka sake gwada kwalbar, aka kifa ta, jinin ya tsaya cak. Goggo ta fashe da kuka. Dada ta sha kunu, ta dube ni ta ce, "Wace tsohuwa ce kika bari ta shigo jiya?"

Na ce ban bar kowa ba. Ƙofar ɗakin ɗaya ce, tagar kuma da raga.

"Mai zani ruwan ƙasa. Ta zauna nan bakin gado ta riƙe mini hannu, tafinta sanyi kamar randa. Ba ta ma yi mini sannu ba. Tambayata kawai ta yi, buhu nawa aka kawo, kuma ko duka mun kwance."

Baba ya fita da waya a hannu. Kafin a sallame mu an mayar da sauran buhunan Kwadon, ba wanda ya kwance ko ɗaya.

Dada ta warke, hannunta na aiki, kuma na san ikon Allah ne da allurar nan. Tsohuwar ce ban sani ba har yau. Shawarata, idan igiyar ƙasa ta taɓa naku, mutum ko dabba, kada ku ɗaure, kada ku tsaga, ku ruga asibiti. Idan kuma kuna jira a benci wani ya zauna kusa da ku yana tambayar majinyaci, ku amsa da ladabi, amma ku fara duban ƙafarsa.