Kumbon da Bai Tafi Taura Ba

Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa, ni da Yaya Muntaka, kuma da aka zo rabon hali shi ya kwashe haƙurin kaf, ni Larai aka bar mini baki. Muna ƙanana mahaifinmu ya rasu, sai ƙanen mahaifiyarmu, Kawu Ɗan'inna, ya ɗauke mu zuwa gidansa a Taura. Da geron gonarsa ya yi mana karatu. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada in na fara mita a ce ban san alheri ba.

Yaya zanen taswirar filaye ya yi a ma'aikata har ya yi ritaya. Tun da aka ba mu jiha aka dawo da shi Dutse, ya gina ɗan gidansa a Takur. Ba ya zaman majalisa, ba ruwansa da ƙwallo, siyasa ko a rediyo. Abinsa guda ne, haɗa kumbo.

Ba kumbon gaske ba, na roba, irin jiragen nan da ake nunawa a fim suna yawo tsakanin taurari, waɗanda ba a taɓa ƙera su ba balle su tashi. A kwali suke zuwa, gutsi-gutsi, manne a jikin sandunan roba. Na farko a kayan gwanjo ya tsince shi a Kano, yanzu kuwa ta waya yake saye, direba ya kawo masa tasha. In ya dawo daga sallar asuba sai ya zauna bakin taga, ya yanko gutsure da reza, ya goge bakinsa da samfefa, ya ɗauka da matsefata, ya ɗiga gam da tsinken sakace. Wani gutsuren bai kai ƙwayar shinkafa ba. In rana ta ɗaga yakan tashi, wai zafi yana busar da fenti tun yana kan burushi. Matarsa Mu'minatu ta daɗe da sallamawa. Ta ce gara wannan da yawon banza, ko banza ta san inda mijinta yake.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, shekara talatin yana wannan aiki amma ko kumbo ɗaya babu a gidansa. Baƙi ke kwashewa. Mutum zai shigo gaisuwa, ya hango abu a kan kanta, ya ce, "Kai, wannan ai ya dace da yaran gidana." Yaya ya yi murmushi ya ce, "Ai ba komai," har leda yake nemo wa mutum. Aikin wata huɗu, kafin la'asar an karya fiffike ana jan sa da zare a lungu. Na sha gaya masa kunyar marar kunya asara ce. Sai ya ce, "Larai, roba ce fa." Ƙarya yake yi. Na taɓa ganinsa tsaye yana kallon gurbin da aka ɗauke wani, ya fi minti goma bai motsa ba.

Babban mai ɗauka kuwa Kawu ne. Duk Sallah yakan zo, kuma ba ya ko tambaya. Zai ɗauka ya sa a aljihun babbar riga ya ce, "Jikokina sun gode." Wa zai ce wa Kawu a'a? Ba dai Yaya ba, mutumin da har yau in Kawu ya kira waya sai ya miƙe tsaye.

Bara hannunsa na dama ya fara rawa. Likita ya ba shi magani, ya kuma gaya masa gaskiya cewa abin zai riƙa ƙaruwa ne a hankali. A makon ya sayi kumbo mafi girma da ya taɓa saye, tsawonsa ya kai kamu biyu, gutsattsarinsa sun haura ɗari shida. Wata goma sha ɗaya ya yi a kansa. Yakan dafe hannun daman da na hagu kafin ya ɗiga gam. Akwai ranar da na tarar da shi a durƙushe, shi da Mu'minatu, suna laluben wata 'yar taga da ta suɓuce ƙarƙashin kujera. Da ya gama, ana saura kwana tara Sallah, ya ce mini, "Wannan ne na ƙarshe. Hannun ba zai ƙara ba."

Na ce, "To a kai shi ɗakin Mu'minatu a rufe har Kawu ya zo ya tafi."

Ya ce, "In ɓoye wa Kawu abu a gidana? Haba, Larai."

Raina ya ɓaci har na tafi ban yi masa sallama ba. Amma ranar da Kawu zai zo, tun hantsi ina gidan, na ɗaura ɗamarar rashin kunya.

Bayan azahar Kawu ya iso, ya ci tuwo, ya tambayi kowa da kowa. Sai idonsa ya faɗa kan kumbon, fari tas, da 'yan tagoginsa jere kamar haƙoran masara. Ya tashi da sandarsa ya je ya ɗago shi.

"Tabarkalla! Wannan sai dai a riƙe a hannu, ba zai shiga aljihu ba. Mu'minatu, samo mini buhu."

Na buɗe baki ke nan Yaya ya riga ni. Ya sauko daga kujera ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Kawu, a gafarce ni. Wannan... wannan ina so."

"Kana so? Ka ba wa?"

"Ni, Kawu. Ni nake so. Dukkansu ma ni nake so."

Kawu ya dubi kumbon, ya dubi Yaya, ya dube ni.

"Kai Muntaka, ba don yara kake yin su ba?"

"A'a, Kawu."

"Ikon Allah! Ni fa cewa nake don yara kake wahalar nan, nauyi ne ya hana ka miƙa da hannunka, babba da kai. Shi ya sa ba na tambaya, don kada in ba ka kunya." Ya mayar da kumbon kan kanta a hankali, da hannu biyu. "Guda nawa na ɗauka?"

"Ban ƙirga ba, Kawu."

Na ce, "Ashirin da uku."

"Ke, rufe mana baki," in ji Kawu, bai ko waiwayo ba. Idonsa na kan hannun Yaya da ke kakkarwa bisa gwiwa. Ya sunkuya da ƙyar ya kama hannun, ya riƙe.

"Na ciyar da kai, na sa ka makaranta, ashe ban koya maka ka ce mini a'a ba. Wannan laifina ne, ba naka ba."

Yaya, mai shekara sittin da biyu, ya fashe da kuka. Ni da na zo faɗa sai ga ni ina share hanci da bakin mayafi. Ban taɓa son mutanen nan biyu kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin haushinsu haka ba, shekara talatin kowa yana kunyar kowa.

Da la'asar muka raka Kawu bakin titi ya hau Keke zuwa tasha, ba komai a hannunsa sai ledar cincin. Tun daga ƙofar gida Yaya ke ba shi haƙuri. Kawu ya sa ƙafa ɗaya a cikin Keken, ya juyo ya nuna shi da sanda.

"Muntaka, ka ƙara ba ni haƙuri sau ɗaya, wallahi in koma in ɗauke shi."