Ranar da Aka Zo Ta'aziyyar Kaka Tana Raye

Kakata ta wajen uba ungozoma ce. Rabin mutanen unguwarmu a Birni ita ta yanke musu cibiya. Da ganinta ya ragu sai ta shige ɗaki, shekara guda cur ko zaure ba ta leƙa ba. In na yi mata magana sai ta ce, "Ke ƴar nan, yanzu kowa matarnite yake zuwa, a haihu a hannun likita. Wa ya san da ni?" Abin yana ci mini rai, don ina gani tana ƙarewa a zaune.

Ni na kawo shawarar a yi mata bikin cika shekara tamanin, ko ta ga mutane ta fito. Takardarta ta haihuwa ta ce ɗaya ga watan ɗaya aka haife ta, kamar yadda aka rubuta wa yawancin tsofaffi. Ita kuwa ta ce da damina ne, gero na fitar da kai. Na bi takarda, don ni ƴar lakwal ce, na yi boko, ga taurin kai.

Ta ce ko da igiya ba mai fito da ita. Na ce za mu gani.

Ranar bikin da safe muka kafa rumfa a ƙofar gida, muka jera kujeru, malamai suka fara karatu. Dangi kaɗai muka gayyata, maƙwabta ban gaya wa kowa ba. Na manta sam cewa a wurinmu, in aka ga rumfa da malamai da safe a ƙofar tsohuwar da aka daɗe ba a gani ba, ba a tsayawa tambaya.

Kafin hantsi lungu ya cika. Mata na shigowa suna salati. Badukun bakin hanya ya bar ɗinkin fatarsa, ya zo yana tambayar ƙarfe nawa za a kai ta. Ina ta rantsuwa tana raye, ba mai saurarena, sun ɗauka ruɗewa na yi. Wata mai fura ta zube a tsakar gida tana kuka. "Kwana biyu ina naƙuda," in ji ta, "baiwar Allahn nan ko gida ba ta leƙa ba. Allah Ya ji ƙanki, Iya!"

Sai labule ya motsa. Kaka ta fito tana dafa bango, ɗankwali a karkace.

"Wace ce wannan mai cika mini kunne? Na san muryar nan. Ba ke ce ɗanki ya zo da ƙafa ba?"

Matar ta daskare, ta ce, "Ni ce, Iya."

"Yana ina?"

"Yana soja."

"To, ƙafar ta yi amfani."

Dariya ta ɓarke, masu kuka suna yi suna share hawaye. Ni kunya da daɗi suka rufe ni, na kasa ɗaga kai. Aka shimfiɗa mata tabarma a zaure, mutane suna durƙusawa ɗaya bayan ɗaya, tana shafa fuskokinsu, tana faɗa wa kowa sunan uwarsa da ɗakin da aka haife shi. Gaton bikin, wato kek ɗin da na sayo da tsada, ko kallonsa ba a yi ba.

Sai bayan la'asar ta yarda na mayar da ita ciki. A bakin ƙofa ta matse hannuna.

"Ashe jikar liman ta haihu, ba wanda ya gaya mini. Gobe ki zo da wuri, ki nemo mini takalmana. Yaran nan ba su iya gasa cibiya ba."