Baba Isiyaku ya gama gyaran birkina, ya tafi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina ɗaura ɗankwali zan fita, wayata ta yi ƙara. Nafi'u ne, babban ɗan Baba Isiyaku. Ya ce, "Anti Hajara, Baba ya rasu bayan asuba."



Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Isiyaku bakanike ne a nan Dutse, kuma aminin mahaifina tun suna samari. Da Abba ya rasu ya bar tsohuwar motarsa, 'yan'uwana suka ce a sayar. Baba ne ya hana. "Ku bar wa Hajara, da ita za ta riƙa zuwa aikinta na asibiti a Jahun. Gyaranta a wuyana."

Shi ya koya min duba mai da ruwa. In na kai gyara, sai ya shimfiɗa min tabarma a inuwa ya sayo min fura.

Da damina in hadari ya haɗo, zai kira ni: "Kin isa gida?" Ina cewa e, sai ya katse.

Shekaranjiya ina dawowa daga Jahun shanu suka hau titi. Na taka birki, na ji shi ƙam kamar dutse. Na danna da iya ƙarfina, mota tana ta tafiya, da ƙyar ta tsaya gab da wata saniya. A nan na kifa kaina a sitiyari na yi ta kuka.

Na kira Baba. A kan babur ya zo, da ƙafarsa mai ciwo.

Na ce, "Baba, ko iska ce ta shiga man birkin?"

Ya ce, "A'a 'yata. Da iska ce, laushi zai yi ya nutse ƙasa. Taurin nan daga busta yake, wato abin da ke ƙara wa birki ƙarfi."

Ya sa na kashe mota na tattaka birkin, na danne shi, sannan na tayar. Birkin ko motsi bai yi ba. Ya buɗe bonet ya kasa kunne, sai ga tiyon da ya taso daga inji ya tsage yana huci. Ya naɗe shi, ya bar babur ɗinsa wurin wani mai shago, ya tuƙa mu a hankali har gareji.

Da ya canja tiyon ya ga man birkin ya yi baƙi, ya ce sai an zubar an cire iska. Ya zaunar da ni a mazaunin direba, shi ya kwanta a ƙasa da sufana. "Taka. Riƙe. Saki." Da muka zo tayar baya ɗaya, mai ya ƙi fitowa, notin ya yi tsatsa ya cije. A nan na ji yadda yake haki.

Na ce, "Baba, numfashin nan bai yi min ba."

Ya ce, "Tsufa ne. Amma motar nan ba inda za ta sai mai ya fito tas babu kumfa. Na san kina ɗauko marasa lafiya a hanya."

Jiya na koma da abin awon jini. Jininsa ya hau sosai. Na roƙe shi mu tafi asibiti a take. Ya yi murmushi ya ce, "Gobe da safe. Ni zan zauna a gaba in ji birkin da kaina, mu wuce ki kai ni wurin likitanku."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ɗazu a wurin gaisuwa Nafi'u ya miƙo min makullin motar. Ya ce jiya kafin magariba Baba ya kwance notin, ya roƙi mai shayin kusa da su ya taka masa birki har ya gama. Ya zagaya da ita, ya dawo ya ajiye ta a inuwa, ya matso da kujerar direba gaba daidai tsayina.

Ban iya shiga motar ba. A Keke na dawo gida.

Ya Allah ka gafarta wa Baba Isiyaku, ka haskaka kabarinsa, ka sada shi da Abbana a Aljanna Firdausi. Duk wani rai da ya tsira ta hannunsa, ka sa masa a mizani. Ka ba matarsa Hajiya da su Nafi'u haƙuri.

Don Allah, duk wanda idonsa ya kai nan, ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce.