Taron Masu Buga Takarda, Ba Ko Falle Ɗaya

Ana sallame sallar asuba muka bar Tudun Wada, ni da wani abokina mai shagon ɗaukar hoto. Kano muka nufa, wajen baje kolin injinan buga takardu. Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba. Tsohon injin da marigayi maigidana ya bar mini ya shafe watanni yana hutu, don yanzu kowa ta waya yake aika gayyatar biki, kuma wani ɗan gwangwan ya taya shi a kilo. Na ce bari in je in gani da idona, ko sana'ar tana da sauran numfashi, ko in sallama.

Direba ya cusa mu kamar buhunan masara, ya ƙara kuɗin mota, wai mai ya tashi. Yaushe ne bai tashi ba? A Kwanar Dangora muka tsaya shan shayi. Mai shayin ya tsiyaya madara kamar mai ɗiga maganin ido, ƙosai kuwa ya ƙanƙance, kuɗinsa ne kawai ya yi ƙiba. Abokina ya sayi rake ya yi ta tofa mini ɓawo a ƙafa har muka shiga gari.

Tun daga ƙofa raina ya fara ɓaci. Na miƙa hannu a ba ni takardar shiga, sai wata budurwa ta nuna mini wani zane mai kama da sawun kaji, wai in haska shi da waya. Ni kuwa 'yar ƙaramar wayata ce mai tocila. Da wayar abokina muka shiga. Jama'a, taron masu buga takarda ne fa, amma ko falle ɗaya ba a raba mana ba. Tsarin taro a waya, farashi a waya, adireshi a waya. Mahauci ya yi walima da ganye ke nan.

Gaskiya injinan sun burge ni, ba zan ɓoye ba. Babu wanke farantin bugu, babu tawada har gwiwar hannu. Ka danna, kati ya fito da ɗuminsa, launi tangaran. Na tsaya gaban wani ƙato ina haɗiyar yawu, har wani saurayi mai kwat ya matso.

"Alhaji, wannan wuta tsayayya yake so, da ɗaki mai sanyi, kada ƙura ta shiga."

Na ce, "Yaro, ni kaina ban samu wannan gatan ba."

Da ya faɗi kuɗin, sai na duba ko da wani yake magana a bayana. Ya nuna mini wani ƙarami a lungu, wanda sola ke iya ɗauka, ya ce shi ko kati goma kake so zai buga maka. Na yi tsaki. Kati goma aiki ne? Mu da sai an cika kwali muke kunna inji. Daga nan wani mai jawabi ya hau dandamali yana ta shelar cewa zamanin takarda ya wuce, masu buga takarda suna tafa masa. Na ja abokina muka fita, muka ci shinkafa da wake mai tsada da ba ta ƙosar ba.

A hanyar dawowa na yanke shawara: ɗan gwangwan ya zo ya kwashi kayansa.

Mun iso bayan la'asar, na tarar da ƙanena zaune a ƙofar shago, fuska a murtuke. Ɗansa zai yi aure, shi ma ta waya ya aika gayyata, ko kunyata bai ji ba. Ashe Baffanmu na Doguwa, wanda shi ne zai karɓi auren, ya aiko cewa shi ba wanda ya gayyace shi. Jikansa ya nuna masa hoton a waya, ya ce shi ba a kiransa ta bakin yara. Wanda ba a taka an kai masa kati da goro har zaure ba, labari ya ji.

"Yaya, ka rufa mini asiri. Na dattawa kawai za ka buga."

Na ce su nawa ne? Muka fara lissafa su da baki. Wane ya rasu bara. Wane an yi sadakar arba'in ɗinsa. Waɗanda suka rage ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma tsohon injina ba zai ko ɗumama a kan wannan ba. Sai dai ɗan ƙaramin injin nan na lungu, wanda na yi wa tsaki.

Abin da tafiyar ta koya mini ke nan. Takarda ba ta mutu ba, ta tsufa ne tare da masu ganin girmanta. Na sallama wa ɗan gwangwan, zan haɗa da kuɗin masarata in koma Kano in ɗauko ƙaramin. Yanzu kuma duk bayan sallah ina yi wa dattawan ƙasar nan addu'ar tsawon rai, har liman ya fara yaba mini son zumunci.