Tarin da Dada Ta Haɗiye

Sunanta Barakatu, amma duk Tafoki Dada ake ce mata. Ƙuli-ƙuli take yi, tun kafin a haife ni. Kowace jajibirin kasuwar Yankara takan wuni gaban murhu tana suya, hayaƙin karan dawa yana shiga idonta, washegari ƙanwata Zulaihatu ta ɗauki man da ƙulin ta tafi. Da wannan kaskon aka ɗinka mini kayan makaranta tun daga firamare har jami'a.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan na shigo gida sai ta sunkuyar da kai. Idan tana da saƙo, sai ta dubi bango ta ce a gaya wa yaron nan abincinsa yana ɗaki. Mutane suna yabonta a kan wannan kunya. Ni ma ina alfahari da ita.

Shekarar da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi na fara aiki a Kaduna. Kowa yana sayen babur da rediyo, ni ma na saya. A wata wasiƙa da Zulaihatu ta sa aka rubuto mini, can ƙasa bayan gaishe-gaishe, ta ce Dada tana ɗan tari. Na shiga kantin magani na sayi kwalba shida, masu zaƙi, masu kwantar da tari, na ba direban motar garinmu ya kai mata. Na ji na yi abin kirki.

Sau uku na je gida bayan haka. Ban ji ta yi tari ko sau ɗaya ba. Daga baya Zulaihatu ta gaya mini dalili: da ta ji ƙarar babur ɗina sai ta kurɓi maganin, ta cusa bakin zane a baki, ta zaga bayan rumbu. Ba ta son ɗan fari ya ji rauninta. Na ga ta rame, na ce azumi ne.

Maƙwabta suka ce hayaƙi ne. Baba Rabo, mahaifina, ya ce beli ne ya sauko yana sosa mata maƙogwaro, ya kira Audi wanzami ya yanke shi. Ta yi kwana huɗu ko koko ba ya wucewa. Tarin bai fasa ba.

Wata bakwai ana haka, sai ta faɗi a gaban kasko. A asibiti aka gwada kakinta, aka ce tarin fuka ne. Malamin da ya duba ta ya tambaye ni tun yaushe take zufa, tun yaushe take ganin jini. Ban sani ba. Ya ce tarin da ya wuce mako uku ba a rufe masa baki da maganin kwalba, kawo mai shi ake yi, kuma da an zo da wuri allura da ƙwayoyi suna warkar da shi. Ya dubi takalmina, ya ce, “Kai da ka yi karatu?”

Na zauna kusa da gadonta. Tari ya taso mata, na ga tana haɗiye shi, kafaɗunta suna rawa.

“Dada, ki yi tarinki. Don Allah.”

Ta juya fuska wajen bango. “Zulai, ce ma yaron nan ya fita ya sha iska.”

Na fita. Sai da na kai ƙarshen baranda na ji tarinta, karo na farko. Ta rasu ranar Talata.

Masu gaisuwa suna ta cewa ba a taɓa mace mai kunya irinta ba. Ina amsawa. A ƙarƙashin gadonta na sami kwalaben nan shida, ta wanke su tas, ta jera. Jiya na kai Zulaihatu gwaji, don ita ma ta fara tari, kuma ita ma a bayan rumbu na same ta.