Faifan Inna da Injin A-kori-kura

A bazara ta biyu bayan an ba mu Jihar Kebbi, wata safiyar Laraba, motar Babanmu ta yi tari sau uku a ƙofar gidanmu a Aliero, ta fesa farin hayaƙi, ta yi shiru. Ina tsaye da tsintsiya a hannu, ko kayan makaranta ban sa ba. Tsohuwar a-kori-kura ce shuɗiya, ita ke kai albasarmu kasuwar Jega, kuma a cikinta aka ɗauko Inna daga Maiyama tana amarya, shi ya sa nake mata kallon 'yar gida. Bakanike ya duba ya ce inji ya gama aiki. Ga albasar shekara jibge a rudu, rumfar karan da muke ajiye ta, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. In ruwa ya riga mu, duk ta ruɓe.

Baba ya riga ya ga wani inji na hannu a Jega, an wanke shi yana ƙyalli, zuciyarsa ta tafi can. Amma dokar masu sayarwa ɗaya ce, inji in ya bar shago ba ya komawa. Inna kuwa masaƙiyar faifai ce, kullum tana gindin darbejiyar tsakar gida da kabarta, mu muna 'yar gala-gala a gefenta. Ta ce, "Malam, ni ko marfin ƙwarya ban saƙawa sai na auna bakinta. Kai za ka sawo ƙarfe da ido?" Baba ya yi dariya ya ce, "Mi kika sani ga inji?" Duk da haka bai hana ta ba. Da aka sauke mataccen injin, ta ɗauko faifanta mafi faɗi ta manna a bakin giyabos, inda inji ke haɗuwa da shi. Baƙin mai ya zana mata komai, ta bi ramukan noti shida ta huda da basilla.

Ni na riƙe faifan har Jega, a ƙirjina, kamar wasiƙar masoya. Mai shagon na ganinmu ya ce, "Alhaji, hura kuka kawo muna?" Masu zaman benci suka kwashe da dariya. Baba ya ɗora faifan a bayan injin nan mai ƙyalli, ya dinga zura tsinke. Rami huɗu suka dace, biyu suka kauce da faɗin yatsa. Mai shago ya rantse mai walda zai gyara. Baba ya daɗe yana kallon injin, kallon saurayin da aka gaya wa cewa budurwar da ya gani a biki tana da miji. Sannan ya zagaya bayan shago, inda wani mummunan inji ke kwance, kaji sun ɓata shi. Tsinke shida, rami shida. Aka tayar da shi, muryarsa ta fito sumul. Shi Baba ya saya, aka ɗaura wa motar.

Kwana biyu kafin ruwan farko buhun ƙarshe ya bar rudu. Ran nan Baba ya shigo da kwalbar turare ya ajiye kusa da kabar Inna, ita ko ba ta ɗago ba, amma na ga murmushinta. Faifan kuwa ya rataye shi a gaban mota, duk direban da ya tambaya sai ya ce, "Wanga aikin injiniyata ne."

Yanzu ɗana lambar inji kawai yake ɗauka a waya ya tura, amsa ta zo kafin shayi ya huce. Motar ta tafi, Baba da Inna ma sun tafi, Allah ya jiƙansu. Faifan yana bangon ɗakina, har yau da ɗan warin baƙin mai. In na kalli ramukan nan shida, su biyun nake gani.