Kwana Biyun da Aka So Hana Ɗantala

Ɗantala mutumin Yawuri ne, ɗan Sarkawa, a bakin kogi aka yanke masa cibi. Mahaifinsa masunci ne, kakansa ma haka, shi kansa tun bai iya ɗaura wando ba ya iya riƙe filafili. Da kifi ya ja baya, bakunan gida kuma suka ƙaru, sai ya sayar da tarunsa da kwale-kwalensa, ya bi ta hannun wani ejan ya sauka Doha yana da shekara talatin da huɗu. Aikin gadi aka ba shi. Shekara takwas ke nan yana tsaye a ƙofar wani dogon bene na ofisoshi a Mushairib, awa goma sha biyu kullum, yana duba kati, yana buɗe ƙofa, yana cewa "tafaddal", wato bismillah a shiga, ga mutanen da ba su taɓa kallon fuskarsa ba.

Bai cika ƙorafi ba. Abu guda ne ke sosa masa rai: ga teku nan kwance, kullum yana hango ta ta tagar motar kamfani, amma tunda ya zo ƙafarsa ba ta taɓa taka jirgin ruwa ba.

Wata safiyar Lahadi a watan Oktoba, ma'aikata na ta tururuwa zuwa lif, ya ji ƙauri. Babu wanda ya ji sai shi. Ya bi warin har ƙasan benen, ya tarar hayaƙi na fita ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin wayoyin lantarki. Ya danna ƙararrawa, ya ciro tukunyar kashe gobara ya banke ƙofar. Kafin 'yan kwana-kwana su iso ya kashe wutar, ita kuma ta bar masa tabo a bayan hannun dama.

Kamfani ya yi biki. Aka sa shi ya goge yunifom, aka tsayar da shi tsakanin manya, aka yi ta ɗaukar hoto har haƙoransa suka bushe da murmushi. Daga nan aka miƙa masa ambulan. A ciki akwai takarda mai hoton wani ɗan gidan hutu a kan ƙaramin tsibiri, tafiyar minti arba'in a jirgi daga Doha. Gidan fari ne, da baranda, da matakala da ta gangara har cikin ruwa. Kwana biyu, shi da mutum ɗaya, ci da sha duk an biya. Sharaɗi ɗaya ne: kada ya wuce ƙarshen Disamba.

Matarsa Bilkisu na Yawuri, don haka ba a daɗe ana neman abokin tafiya ba. Moro ya zaɓa, ɗan Zangon Kumasi, mai gadi kamarsa, wanda ke kwana a gadon saman nasa a gidan ma'aikata da ke bayan Mesaimeer. Moro ya iya Turanci, ga barkwanci, ga Hausarsa ta zango wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya" ne.

Sai shiri ya kankama. Ɗantala ya ciro farar shaddarsa daga ƙasan akwati, wadda rabonsa da ita tun babbar sallar bara, ya wanke ya goge ya rataye cikin leda. Sunusi, direban motar kamfani, ya ara masa jaka mai taya. Ya ware kwalbar yajin da Bilkisu ta aiko masa, don ya ce bai yarda da abincin manyan otal ba, kyau kamar hoto, ɗanɗano kamar takarda. Ranar hutunsa, Talata, ya shiga jirgin ƙasa ya je kasuwa, ya yi awa guda a shagon kayan su yana juya ƙugiyoyi a tafin hannu, yana gwada zare da haƙori. Ya sayi ƙugiya shida da zare naɗi biyu.

Da ya kira gida, Bilkisu ta yi dariya har da tari.

"Malam, ka bar kifi a Yawuri, ka tafi ƙasar Larabawa, ashe can ma kifin za ka bi?"

"Ke dai ki yi addu'a. In na kamo na tekun nan zan ɗauko miki hotonsa, ki nuna wa Inna."

Moro ne ya fara rage masa murna. Ya zauna yana bin ƙananan rubutun bayan takardar da yatsa, sai ya ɗago kai.

"Baba Ɗantala, an rubuta nan ba a kama kifi a tsibirin fa."

"Ba a me?"

"An hana. Kallo kawai."

Ɗantala ya ja tsaki. "Tsibiri, ruwa gaba ruwa baya, a ce wa Basarke ya yi kallo? To kifin na ubansu ne?" Ya yi ta faɗa har aka kira isha'i. Amma washegari ya ciro ƙugiyoyin daga jaka ya ba wani ɗan ɗakinsu da ke zuwa su bakin teku ranar Juma'a. Ya ce ko kallon ne zai je ya yi.

Saura hutu, wato of. Ranarsa ɗaya ce a mako, yana buƙatar ƙarin biyu, kuma mai rubuta rosta, wato jadawalin aiki, shi ne Muttaka, sufabaizansu.

Wannan Muttaka, shekara biyar da suka wuce ya sauka Doha da jaka ɗaya da takardar difloma. Ɗantala ne ya ba shi bargo a sanyin farko, ya nuna masa inda ake samun garin tuwo, ya koya masa yadda ake tsayuwa awa goma sha biyu ƙafa ba ta kumbura ba. A lokacin "Yaya" yake kiransa. Da boko ya ɗaga shi aka ba shi rediyon oba-oba da mota, sai Yaya ya koma "Malam Ɗantala", wani lokacin ma lambar yunifom.

Karon farko Muttaka ya ce ba mutane, biyu sun tafi gida. Ɗantala ya ce ba komai. Karo na biyu ya ce akwai babban taro a benen, a jira. Ɗantala ya jira. Nuwamba ya ƙare, jaka na nan a ɗaure a ƙarƙashin gado, shadda a rataye tana tara ƙura a kan leda. Kowane mako yakan tura wa Muttaka saƙon murya ta waya yana tuna masa, cikin ladabi, da sallama da tambayar iyali.

A karo na uku Muttaka ya zo da kansa har bakin ƙofa, da fara'a, ya dafa kafaɗarsa.

"Yaya, wallahi na duba, Disamba ba fili ko kaɗan. Kuma ka san takardar nan in wata ya ƙare ta mutu. Ni dai shawara ce. Ka ga amaryata Kausar ta zo ziyara, kwananta ƙidayayyu ne. Maimakon a yi asara, ka ba ni mu je, ni kuma in sabuwar shekara ta shigo zan san yadda na yi da kai."

Ɗantala ya lura da dawowar "Yaya", amma bai ce komai ba sai "Bari in yi tunani." Har ya fara lallashin zuciyarsa, yana cewa baƙuwa ce, kuma alheri ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Da yamma a mota, Sunusi ya bari kowa ya sauka sannan ya kira shi.

"Malam Ɗantala, akwai maganar da ta tsaya mini a wuya. Tun makon da aka ba ka kyautar nan na kai Muttaka ofis ranar da motarsa ke wurin gyara, yana waya da matarsa a bayana. Da kunnena na ji ya ce, 'Ki zo da kayan shan iska, tsibiri namu ne. Tsohon ba zai ga of ba sai na ga dama.'"

Ɗantala ya tsaya riƙe da ƙarfen ƙofar motar. Tun Oktoba! Tun hannunsa na naɗe da bandeji! Ashe duk sallamar da yake turawa, da "ba komai" ɗin da yake cewa, yaron nan yana zaune yana ƙirga masa kwanaki kamar mai jiran mangwaro ya faɗo.

Ya shiga ɗaki yana huci, Moro na cin shinkafa a kan gado.

"Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi! Ni na shiga wuta, shi zai shiga jirgi? Wai tsoho! Tsohon ne ya ba shi bargo yana kakkarwa kamar ɗan tsako. Da ya zo ya roƙe ni tun farko, ya ce Yaya ga matata, wallahi tallahi da na ba shi, in yi masa rakiya har bakin ruwa. Amma ya ɗaure ni ya yanka, sannan ya ce in gode masa?"

"To yanzu yaya za mu yi?" in ji Moro.

"Talata za ka raka ni ofis."

"Baba, ka san Muttaka. Zai rama."

"Ya rama. Shekara takwas ban taɓa taka ofishin nan da ƙara ba. Yau tura ta kai bango."

Ranar Talata Moro ya yi musanyen duti da wani, suka hau bas zuwa Nu'aija, inda ofishin kamfani yake. Suka yi awa biyu a benci kafin a shigar da su wurin matar da ke kula da ma'aikata, wata mai tabarau da kowa ke kira Madam. Ɗantala yana jin Turanci na bakin ƙofa, amma ba irin wanda ake faɗa da shi ba. Ya ajiye takardar a tebur, ya ɗora hannunsa mai tabo a kanta, ya fara da Hausa. Ya faɗi wuta, ya faɗi hoto, ya faɗi bargo, ya faɗi butulci da cin amana, ya ce in kamfani hoto kawai yake so a gaya masa, ya mayar musu da takardarsu su liƙa a bango.

Moro ya juya ya yi 'yar gajeriyar magana da Turanci.

Ɗantala ya harare shi. "Na yi magana mai tsawon igiyar taru, ka mayar da ita kalma huɗu? Ina butulcin?"

"Baba, butulcin ba zai ba mu of ba. Bari Madam ya yi aikinsa."

Madam ta ɗauki waya ta kira Muttaka, ta buɗe murya kowa na ji. Muttaka ya ce shi bai taɓa samun wata buƙata ba, da an gaya masa ai da tuni ya shirya. Moro ya fassara. Ɗantala ya ciro wayarsa ya buɗe saƙonnin ya tura gabanta: guda bakwai, kowanne da kwanan watansa, kowanne da alamar an saurara, a ƙarƙashin biyu ma ga amsar Muttaka a rubuce da Turanci, wai a jira.

Madam ta karanta amsoshin da ƙarfi a wayar.

"Khalas," in ji ta, wato shi ke nan. Ta jawo takarda ta sa hannu: Laraba da Alhamis na makon gaba, shi da Moro, a haɗa da Talatarsa.

Moro bai yi ƙarya ba. Kafin mako ya zagayo sabuwar rosta ta fito, an ɗauke Ɗantala daga ƙofar benen mai sanyin na'ura an kai shi shingen shiga motoci a waje, inda babu inuwa sai 'yar rumfa. A can ya yi sanyin shekarar, a can ya yi zafin da ya biyo baya, kuma har yau yana can. In Muttaka ya zo wucewa a mota, Ɗantala yakan ɗaga masa shinge kamar yadda yake ɗaga wa kowa. Ya ce da zai koma ofis kan wannan ma, amma ya san rosta haƙƙin sufabaiza ce, ba zai nemi abin da ba nasa ba.

Ranar tafiya Sunusi ya sauke su a tashar jirgi da hantsi. Mai duba takardu ya dubi farar shadda da hula, ya dubi takardar, ya sake duban su, ya tambaya ko aiki suka zo yi a tsibirin, don jirgin ma'aikata daban yake. Ɗantala ya ji wannan ba sai an fassara ba. Ya nuna sunansa da yatsa, ya tsaya ƙyam har mutumin ya ja igiya ya ce, "Yalla, tafaddal."

Da jirgin ya bar gaɓa ya ƙi zama a ciki. Ya fita ya tsaya a gaba, ƙafafu a buɗe, ba ya riƙe komai, feshin ruwa na jiƙa masa shadda. Ya lasa leɓe ya ji gishiri, ya ce wannan ruwa ko akuya ba za ta sha ba. Moro kuwa, da duk bakinsa, minti goma bai cika ba ya durƙusa da leda a hannu yana kiran sunan uwarsa a Kumasi. Ɗantala ya dawo ya riƙe masa goshi, yana ce masa ya dubi nesa, ya daina kallon ƙasa.

Gidan ya fi na hoton ƙanƙanta, amma da tsabta. Ɗantala ya kwantar da Moro, ya yi alwala ya yi azahar a baranda. Daga nan ya ce bari ya ɗan miƙe bayansa a kan gadon nan mai laushi kafin su zagaya su ga tsibirin. Bai farka ba sai da Moro, wanda ya warware har yunwa ta kama shi, ya yi ta girgiza shi yana cewa la'asar na neman wucewa, kuma an kawo abinci tun ɗazu yana hucewa.